Daga cikin labari ko daga wajensa: wane tsari ya dace da wikin masoya shiri mai dogon zango?

Ƙanwata ce ta fara gano ɓarnar. Wajen ƙarfe goma na dare ta turo mini saƙo: "Yaya, wai Kamayen naku mutum nawa ne? A sama an ce mijin Adama ne a garin Daɗin Kowa, ina gangarowa ƙasa kuma na ga wai ya daɗe yana harkar fim a Kano." Na buɗe shafin, na ga gaskiyarta. Mu huɗu ne muka haɗu muna tara bayanan shirin Daɗin Kowa a wani ɗan wiki, wato irin dandalin nan na intanet da duk wanda ya shiga zai iya rubutawa ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Ɗayanmu ya rubuta labarin Kamaye yadda yake a cikin shirin. Bayan kwana biyu wani ya zo ya liƙa tarihin Ɗan'azumi Baba, mutumin da ke fitowa a matsayin Kamaye, a ƙarƙashin wancan, ko layi bai ja a tsakani ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Laifin namu ne mu duka, mun hau ɗora bulo ba mu haƙa harsashi ba.

A wajenmu irin wannan ruɗanin ba ya wuyar faruwa, saboda sunan shiri kan bi jarumi har ƙofar gidansa. Matar da ke fitowa a matsayin Adama, da wuya ka ji mai kiranta da sunanta na yanka, Adamar Kamaye kowa ke cewa. To idan a bakin mutane ma an haɗe su, ina ga a shafin da hannu huɗu ke rubutawa, kowa daga wayarsa, kowa a lokacin da ya samu caji?

Tun daga ranar na shiga leƙen yadda waɗanda suka riga mu suka tsara nasu. Manyan hanyoyin biyu ne, kuma duk wanda zai buɗe wiki na wani shiri sai ya ɗauki ɗaya tun kafin ya rubuta shafi na goma.

Ta farko ita ce rubutu daga cikin labari. Wanda ya fi yin suna da ita shi ne Memory Alpha, wikin masoya Star Trek, shirin Amurka na tafiye-tafiyen sararin samaniya da aka fara nunawa a 1966. An kafa wikin a 2003, kuma dokarsa ita ce mai rubutu ya ɗauki kansa a matsayin mai ajiye tarihi da ke zaune a duniyar shirin, can gaba bayan komai ya riga ya faru. Idan ka buɗe shafin wani kyaftin, za ka karanta haihuwarsa da karatunsa da jiragen da ya jagoranta, tamkar tarihin wani sarki da ya taɓa yin zamani. Sunan jarumin da ya taka rawar ba ya shiga cikin labarin, sai dai a ɗan akwatin gefe da kuma can ƙasa, a sashen da aka keɓe wa bayanan bayan fage. Jarumai da daraktoci suna da nasu shafukan dabam, da alama a sama mai nuna cewa wannan na duniyar zahiri ne. Duk maganar da aka faɗa a kan mutum kuma, ana bin ta da sunan kashin da aka gan ta a ciki. Abin da bai fito a allo ba, irin na littattafai da wasannin kwamfuta, akwai wani wiki dabam mai suna Memory Beta da ke ɗaukarsa.

Ta biyu ita ce rubutu daga waje, irin na Wikipedia. A nan mai rubutu ba ya manta cewa shiri yake magana a kai. Tun daga jumlar farko zai gaya maka cewa wane ƙirƙirarren mutum ne a shiri kaza, ga wanda ya fito a matsayinsa, ga tashar da ta nuna, ga shekarar. Labarin kansa a taƙaice ake ba da shi, a bar fili ga yadda aka shirya, wa ya rubuta, wa ya ba da umarni, yaushe aka haska.

Bambancin ya fi fitowa idan aka ɗora shi a kan mutum ɗaya. Ɗauki Bawa Maikada na Kwana Casa'in. Mai rubutu daga ciki zai fara da cewa Bawa Maikada ɗan siyasa ne da ya riƙe kujerar gwamnan jihar Alfawa, daga nan ya shiga iyalinsa da muƙarrabansa da abokan hamayyarsa. Mai rubutu daga waje zai ce Bawa Maikada na cikin manyan mutanen shirin Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, kuma Sani Mu'azu ne ke fitowa a matsayinsa. A jumlar farko Alfawa jiha ce kamar Kano ko Katsina. A ta biyu kuwa Alfawa wuri ne da marubuta suka ƙirƙiro. Kowacce daidai ce a gidanta, amma idan suka haɗu a sakin layi ɗaya sai a koma gidan jiya, wato Kamaye mai kai biyu.

Da farko na ɗauka maganar salon rubutu ce kawai. Ashe ta wuce nan, domin salon shi ke zaɓa maka ginshiƙin wikin gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi ciki, ginshiƙinsa mutane ne da wurare: shafin wane, shafin gidan wane, shafin kasuwa, shafin asibiti. Wanda ya zaɓi waje, ginshiƙinsa jerin fitowar shirin ne: shiri, sai zango, sai kashi. Sauran abubuwa duk rataya suke yi a jikin wannan.

Ta fuskar mai karatu, sai na ba hanyar ciki gaskiyarta. Ba wanda ke tashi da safe ya ce bari in nemi kashi na 143. Abin da ke kawo mutum shi ne tambaya a kan wani: wace ce Stephanie, me ya kawo ta Daɗin Kowa, mene ne tsakaninta da wane? Wanda ya fara kallon shirin a makare, ko wadda ta yi wata shida ba ta kalla ba saboda jego ko jarrabawa, shafin mutum take so ta buɗe ta karanta tun daga farko har inda aka kwana. Hanyar ciki tana ba ta wannan a faranti ɗaya. Kuma tana da daɗin karatu, don ba ta katse ka kowane layi da cewa ai wasa ne. Shirye-shiryen da suka gina tasu duniyar sun fi cin moriyarta. Daɗin Kowa gari ne sukutum da gidajensa da teburin mai shayi da makarantar allo. Alfawa jiha ce da fadar gwamnati da 'yan jarida da 'yan siyasarta. Irin wannan duniyar tana kiran a zana mata taswira, a ce gidan wane na maƙwabtaka da na wane, wane ɗan wane ne, wa ke bin wa bashi.

Sai dai akwai abin da masu Star Trek suke da shi wanda mu ba mu da shi. A shirinsu ana ambaton shekaru da ranaku na cikin labari, saboda haka mai rubutu zai iya jera rayuwar mutum shekara bayan shekara ba tare da ya taɓa ambaton zango ba. A shirye-shiryenmu da wuya ka ji an faɗi shekara. Mai rubutu daga ciki ba shi da ikon cewa "a zango na 3", don a cikin garin Daɗin Kowa babu wani abu mai suna zango na 3. Abin da ya rage masa shi ne "bayan haka", "daga baya", "ana nan ana nan". Na gwada rubuta tarihin mutum ɗaya a haka, kafin in kai tsakiya na ƙirga "daga baya" har tara, ni kaina na kasa gane wanne ya riga wanne. Ana iya rage matsalar da sa lambar kashi a ƙarshen kowace magana, yadda Memory Alpha ke yi, amma hakan na nufin sai ka san lambar. Wato ko mai rubutu daga ciki ba ya tsira daga jerin kashi-kashi, dole ya kasance a ƙasa yana riƙe da shi.

Babban abin da ya karya mana gwiwa kuwa shi ne yawan aikin. Shafin kashi yana da ranar gamawa. An haska shi yau, ka kalla, ka rubuta taƙaitaccen abin da ya faru, ka jera waɗanda suka fito, ka sa rana, shi ke nan ka rufe. Ko bayan shekara biyar ba abin da zai canza a cikinsa sai gyaran harafi. Shafin mutum ba ya gamuwa muddin shirin na tafiya. Kashi ɗaya na Daɗin Kowa yakan leƙa gidaje da yawa, saboda haka duk mako akwai shafuka barkatai da ke jiran a taɓa su. Mu huɗu ne, ɗaya ɗalibi, ɗaya yana tsaron shago, ni ina aikin ofis, ta huɗun kuma tana koyarwa. Makon farko mun yi ƙoƙari. Mako na uku aka gyara shafin wani miji aka manta da na matarsa, sai ga shi a shafinsa sun rabu, a nata kuma suna zaune lafiya har da kwana biyu na girki. Wiki irin Memory Alpha yana jure wannan ne saboda hannuwa sun yi yawa, wani na barci wani na gyara. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Hausawa, to mu miyarmu hannu huɗu ne kawai a kanta.

Hanyar waje tana yafe wa mai rauni. Idan kuka yi wata guda ba ku taɓa wikin ba, abin da za a gani shi ne kashi huɗu ba a rubuta ba, giɓi ne a fili wanda kowa zai iya cikewa. Ba za a sami shafin da ke faɗin abin da ya daina zama gaskiya ba. Rabon aiki ma ya fi sauƙi: kai ɗauki kashi na 20 zuwa 30, ke ɗauki na 31 zuwa 40, ba mai taka ƙafar wani. Rauninta shi ne ta bushe, kuma mai neman labarin mutum ɗaya sai ya yi ta tsalle daga kashi zuwa kashi kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka riga aka girbe. Maganin da muka samu shi ne gajeren shafi ga kowane mutum: waye shi a layi uku ko huɗu, wa ke fitowa a matsayinsa, danginsa, sannan abin da ya same shi zango bayan zango, kowane zango da ɗan sakin layinsa. Idan sabon zango ya ƙare a ƙara sakin layi ɗaya a ƙasa, ba sai an warware na sama ba.

Akwai wurare biyu da shirye-shiryenmu ke yi wa hanyar ciki tarko. Na farko sauyin jarumi. A Labarina na Aminu Saira, Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, daga baya rawar ta koma hannun Fati Washa. Mai rubutu daga waje layi ɗaya ya ishe shi: wance ce ta taka rawar daga zango kaza zuwa kaza, wance ta karɓa daga nan. Mai rubutu daga ciki kuwa sai ya tura maganar akwatin gefe ko ƙasan shafi, alhali ita ce abin da rabin masu buɗe shafin suka zo nema. Masoya Doctor Who na Ingila, shirin da BBC ta fara a 1963, sun ba kowane Dakta shafinsa dabam a wikinsu (Dakta shi ne jigon shirin, kuma jarumai da yawa sun fito a matsayinsa ɗaya bayan ɗaya), amma su labarin ne da kansa ya mai da sauyin jiki wani ɓangare na rayuwar mutumin, tun daga 1966 da Patrick Troughton ya karɓi rawar daga hannun William Hartnell. Kada a kwaikwayi wannan a inda bai dace ba. Sumayya mutum ɗaya ce, shafi ɗaya ya kamace ta, sunayen jarumai biyu a cikin akwati.

Na biyu ya fi wannan girma, wato shirin da ke ajiye labari ya ɗauki sabo a ƙarƙashin suna ɗaya. Labarina ya yi haka, inda aka rufe labarin su Sumayya aka buɗe na Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ke fitowa a matsayinsa. Ga mai rubutu daga ciki, wannan duniya biyu ke nan a wiki ɗaya, kuma dole kowane shafi ya faɗi ta wacce yake. Masu Wookieepedia, wikin Star Wars da aka kafa a 2005, sun ɗanɗani irin wannan a 2014, lokacin da Lucasfilm, kamfanin da ke shirya finafinan Star Wars, ya sanar cewa tsofaffin littattafai da wasanni sun fita daga asalin labarin. Sai da suka raba shafuka masu ɗimbin yawa gida biyu, na labarin da ake kai da na tsohon. Mai rubutu daga waje bai san ana yi ba. Zai ce daga zango kaza labari ya sauya, ya ci gaba da jerinsa. Idan ma jarumi ɗaya ya fito a labaran biyu da suna dabam-dabam, shafinsa zai ɗauke su a layi biyu.

Ko wacce hanya ka ɗauka, ta ciki ko ta waje, shafin jarumi dabam, shafin wanda yake fitowa a matsayinsa dabam. Wannan ba ta da sulhu. Kuma a shafin jarumi ina ba da shawarar a tsaya a kan aikinsa: finafinai da shirye-shiryen da ya fito, rawar da ya taka, kyaututtukan da aka tabbatar ya samu. Maganar aurensa da sakinsa da wadda aka ce an gan shi da ita a bar wa masu ita. Mutum ne mai rai da iyali, kuma ƙazafi ba ya zama halal don an rubuta shi a wiki. Hasashe kuma, wanda mu masu kallo ba ma iya haƙura da shi, a ba shi ɗakinsa. Masu Lostpedia, wikin shirin Lost da aka nuna daga 2004 zuwa 2010, sun ware wa kowane batu wani shafi na gefe don zato da hasashe kawai. Dabara ce mai kyau. Wanda ya rantse cewa kishiya ce ta sa aka sace yaron, ga fili can ya je ya baje hujjarsa, amma babban shafi abin da aka gani a allo kaɗai zai ɗauka.

Yanzu ga inda Hausa ke da nata rikicin, wanda ba za ka same shi a dokokin wikin Turawa ba, kuma shi ya fi cinye mana lokaci. Manhajar MediaWiki, wadda yawancin waɗannan wuraren ke aiki da ita, tana kallon kowane harafi da idon basira. Banda harafin farko na suna, babba da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajenta. "Dadin Kowa" shafi ne, "Dadin kowa" wani shafin ne. Ka kawo ɗ mai lanƙwasa, sun zama huɗu. A Kwana Casa'in kuma ɗan waƙafin saman nan iri biyu ne a waya, akwai miƙaƙƙe akwai lanƙwasasshe, ido ba ya bambanta su amma manhajar tana yi, ga kuma mai rubuta "Casain" ko "Kwana 90". Idan akwai ɗan Nijar a cikinku zai rubuta ƴ inda ku kuke rubuta 'y, kuma daidai ya yi a ƙa'idar rubutun ƙasarsa. Mun taɓa wayar gari da shafi uku na mutum ɗaya, kowanne da rabin labari, kowa na ganin nasa ne na asali. Abin yi shi ne a zaɓi rubutu ɗaya ya zama sunan shafi, sauran duka a mai da su shafukan turawa, waɗanda in an buɗe su suke kai mutum na asalin. Ni na fi son a rubuta da haruffa masu lanƙwasa, tunda allon rubutu na Gboard yana da Hausa, amma a tanadi turawa daga rubutun da babu lanƙwasa, don da shi mafi yawan mutane za su nema.

Sai maganar laƙabi. Malam, Alhaji, Hajiya, Baba, Inna: a sa su a sunan shafi ko a cire? Dokar da muka tsaya a kai ita ce a bi bakin mutanen shirin. Wanda ba a taɓa kiransa ba tare da Malam ba, Malam ɗin ya zama sunansa, a bar masa. Baba Ɗan Audu na Labarina in ka cire masa Baba ka sauya mutum. Amma muƙami ba ya shiga sunan shafi. Gwamna yau tsohon gwamna ne gobe, amarya ta bana uwargida ce baɗi, kuma duk ranar da ka sauya sunan shafi sai ka bi sawun shafukan turawar da ke nuno shi. Haka ma a cikin rubutu, a guji "yanzu" da "kwanan nan" da "a makon jiya". Kalmomi ne masu saurin lalacewa kamar tumatir a rana. Masu Turanci suna doguwar muhawara a kan ko a rubuta labari da sigar abin da ya wuce ko da ta abin da ke faruwa. Mu namu da sauƙi: a ba da labari da "ya tafi", "ta ce", "sai suka", yadda kowa ke ba da labari, a daina haɗa shi da "yana tafiya" a sakin layi ɗaya.

Lambobin kashi ma suna da nasu. Kashi-kashin Star Trek kowanne da sunansa, namu kuwa yawanci lamba ce kawai. Arewa24 takan rubuta zango na kaza, kashi na kaza, wasu masu shirye-shiryen YouTube kuma lamba ɗaya suke ja tun daga farko har ta haura ɗari. A bi yadda masu shirin suka ƙirga, kada a ƙirƙiro sabon lissafi. Sannan a lura, idan aka tara shafuka a rukuni, manhajar takan jera su kamar kalmomi, sai ka ga kashi na 10 da na 11 sun riga na 2. Ana gyara wannan da ba kowane shafi lambar jeri mai sifili a gaba, 002, 010, 011. A akwatin bayanai na kashi kuma a ware gurbi biyu na rana, ranar da aka haska a talabijin da ranar da aka ɗora a YouTube, don ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma gardamar da rashin wannan ke haifarwa ba ta da daɗi.

Akwatin bayanan nan, kada a cika masa ciki. Mun fara da gurbi goma sha biyar, har da abincin da mutum ya fi so, sai ga shafuka cike da guraben da ba kowa. Wanda ke gyara da babban yatsa a kan waya ba zai cike goma sha biyar ba. Shida sun isa ga mutum: suna, jarumi, sana'a, dangi, kashin da ya fara fitowa, kashin da aka gan shi na ƙarshe. Rukuni ma haka, mutane, jarumai, wurare, kashi-kashi, ma'aikatan bayan fage. Ranar da wani ya buɗe rukunin "mugaye" ranar za ku fara faɗa a kan wa ya cancanci shiga.

Inda za a ajiye wikin ba ya sauya komai a abin da na faɗa, don haka ba zan daɗe a kai ba. Fandom, dandalin da ke ba mutane wurin buɗe wiki, wanda Jimmy Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004 da sunan Wikicities, kyauta ne kuma buɗe shi ba wuya, sai dai da talla yake rayuwa, talla kuma data take ci. Miraheze, da aka fara a 2015, babu talla, 'yan sa-kai ke tafiyar da shi da gudummawar jama'a, amma sai ka nemi izini an duba kafin a buɗe maka. Wikipedia ta Hausa kuwa ba wikin masoya ba ce. Shirin kansa zai iya samun shafi a can, tunda jaridu sun yi rubutu a kansa, amma mai gadin gidan wane da ya fito sau uku ba zai samu ba.

Da wani zai tambaye ni yau, amsata ta danganta da abu biyu: ku nawa ne, kuma wane irin shiri ne. Idan ba ku wuce biyar ba, ko shirin yana kan tafiya duk mako, ko irin mai sauya labari da jarumai ne kamar Labarina, ku ɗauki hanyar waje, ku kafa jerin kashi-kashi tukuna, mutane su biyo baya a gajarce. Idan kuna da yawa, kuma akwai aƙalla mutum biyu da ba sa gajiya da bin sawun gyaran wasu, kuma shirin mai gari ne ko jiha irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, hanyar ciki za ta ba ku abin da ya fi daɗin karatu. Ko a nan ɗin ma kashi-kashin za ku fara rubutawa. Wanda ya fara da waje zai iya komawa ciki daga baya cikin sauƙi, tunda kowace magana tana da kashin da za a jingina ta. Wanda ya fara da ciki ba tare da lambobi ba, ranar da ya so gyara sai ya sake kallon shirin tun daga kashi na 1.

Mu dai waje muka koma. Muka raba Kamaye biyu, na Adama ya zauna a shafinsa, Ɗan'azumi Baba ya koma nasa, da ɗan layi a saman kowanne mai nuna hanyar ɗayan. Dokokin muka rubuta su a shafi guda da bai fi a karanta cikin minti biyu ba, muka liƙa a gaba. Ƙanwar tawa kuma, tunda idonta ya fi namu, muka ɗora mata aikin shafukan turawa. Jiya ta sake turo saƙo: "Yaya, na gama da Daɗin Kowa, rubutu shida na samu. Amma wani ya buɗe sabon shafi wai shi Kamayee, da e biyu. In tura shi ko in goge?" Na ce ta tura.